YADDA AKE WANKE FIM NA HOTO A GIDA DA KUƊI KAƊAN

A shekarun baya, idan Sallah ta zo ko ana biki a Mashi da ƙauyukan da ke kewaye, mai hoto babban baƙo ne. Zai zo da kyamara rataye a wuya. Yara su yi layi cikin sababbin kaya. Idan ya gama ɗauka, sai ya cire fim ya hau mota zuwa Katsina ko Kano, inda ake wanke masa. Waɗanda aka ɗauka su yi ta jira kwana da kwanaki. Wani lokaci ya dawo da labari marar daɗi, ya ce fim ya ƙone.

Yau wayar hannu ta karɓe wannan aiki. Yawancin shagunan wankin fim sun rufe. Amma fim bai mutu ba. Har yanzu kamfanin Kodak na Amurka, da Ilford na Ingila, da Foma na ƙasar Cek suna yin sa. Kuma a wasu gidaje akwai tsohuwar kyamara a ƙasan akwati, wadda lafiyarta ƙalau.

Wanda ya gaji irin wannan kyamara zai iya wanke fim na baƙi da fari da kansa. Ba sai da lantarki ba, ba sai da inji ba. Abubuwa 3 ne aikin ba ya yafewa: duhu, da awo, da lokaci. Wanda ya kiyaye su zai ga hoto. Wanda ya yi sakaci da ɗaya ya yi asarar fim, kuma hoton da ya lalace a wanki ba ya dawowa.

ME YA SA ZA A WAHALA DA FIM?

Gaskiya ɗaya ce, wankin fim ba sana'ar samun kuɗi da sauri ba ce a yanzu. Hoton fasfo da na biki duk sun koma na kwamfuta. Fim kuma daga waje ake kawo shi, yana da tsada, sai an yi saƙonsa daga manyan birane.

Amfaninsa shi ne daɗewa. Hoton da ke cikin waya yakan tafi idan wayar ta faɗa ruwa, ko an sace ta, ko katinta ya lalace. Fim na baƙi da fari da aka wanke da kyau yakan wuce shekara 50 bai canza ba. Hoton baƙi da fari ne ya sa har yau ake sanin fuskar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya rasu a 1944.

A Bamako ta ƙasar Mali an yi wani mai hoto, Seydou Keita. Ɗan kafinta ne. A 1935 wani ɗan uwan iyayensa ya ba shi 'yar ƙaramar kyamara. A 1948 ya buɗe wurin ɗaukar hoto a gidansu, yana aiki da hasken rana. Ya adana dubban fim ɗin da ya wanke. A 1994 aka nuna hotunansa a birnin Paris na Faransa, duniya ta san shi. Da bai adana fim ɗin ba, da babu abin da za a nuna.

MENE NE FIM, ME AKE NUFI DA WANKI?

Fim wata doguwar leda ce mai ƙarfi. An shafa mata wani abu mai danƙo kamar ƙaro, wanda ake samu daga ƙashi da fatar dabbobi. A cikin danƙon akwai gishirin azurfa, wanda haske yake taɓawa.

Idan aka danna kyamara, haske yana shiga na ɗan lokaci kamar ƙiftawar ido. Sai ya bar alama a jikin fim, amma ido ba ya ganinta. Wanki shi ne fito da wannan alama. Ruwa iri 2 ne suke yin aikin:

1. Ruwan fito da hoto. Shi ne yake mayar da inda haske ya taɓa ya zama baƙi.

2. Ruwan kama hoto. Shi ne yake cire sauran gishirin azurfa da haske bai taɓa ba. Bayan haka haske ba ya iya ɓata fim ɗin.

Abin da zai fito ana kiransa nagatif. A jikinsa fari yana zama baƙi, baƙi yana zama fari. Duk wanda ya taɓa riƙe hoton ƙirji ko na karaya daga asibiti ya ga irinsa.

Fim mai launi ya fi wuyar wanki. Yana buƙatar magunguna na musamman da ruwa mai zafin digiri 38 daidai. Mai koyo ya fara da baƙi da fari, mai lamba 100 a jikin kwali, kamar Fomapan 100 ko Kentmere 100. Suna cikin waɗanda suka fi araha.

KAYAN AIKI

Tankin wanki. Wani ɗan gwangwani ne na baƙar roba mai murfi. Ruwa yana shiga yana fita, amma haske ba ya shiga. A cikinsa akwai abin naɗa fim mai kama da kwarkwaron zare. Shi ne ya fi sauran kaya tsada. A tambayi tsofaffin masu hoto a Katsina, Daura ko Kano, ko sun ajiye nasu. Na hannu ma yana aiki idan bai tsage ba.

Ma'aunin zafi. A nemi irin na ɗakin gwajin kimiyya na makarantar sakandare. Na auna zazzaɓi ba zai yi ba, don ba ya nuna sanyin digiri 20.

Ɗan sikeli mai auna giram, irin na masu sayar da zinari.

Agogo, almakashi, abin buɗe kwalbar lemo, maƙalan shanya 2, kofunan roba 3, da tsumma mai tsabta don tata.

Ruwa mai tsabta. Ruwan leda ya fi, don ba shi da laka. Leda 1 rabin lita ce, kuma rabin lita ya ishi fim 1.

RUWAN FITO DA HOTO

Hanya 2 ce. Ta farko, a sayi wanda kamfani ya haɗa. Akwai wani mai suna Rodinal, wanda aka fara yi a Jamus tun 1891. Kaɗan ake ɗiba da sirinji: mililita 10 a rabin lita na ruwa. Ke nan kwalbar rabin lita za ta wanke fim 50, kuma tana daɗewa ba ta lalace ba. Yawan mintin wanki ya danganta da irin fim, sai a duba takardar da ke tare da shi.

Ta biyu, a haɗa da kayan kasuwa. A 1995 wani malami mai suna Scott Williams da ɗalibansa, a wata babbar makarantar fasaha da ke Rochester a Amurka, suka gano cewa kofi yana fito da hoto. Daga baya masu sha'awar abin suka ƙara masa bitamin C, ya ƙara kyau. Ga awon rabin lita:

Soda ash, giram 27.
Bitamin C, giram 8.
Garin kofi mai narkewa, irin Nescafe na masu shayi, giram 20.

Soda ash farin gari ne. Ana samunsa wurin masu sayar da kayan haɗa sabulun ruwa, kuma mata masu wannan sana'a sun san shi. Bitamin C na gari ya fi. Idan babu, a daka farar ƙwaya ta kemis a tace. Ƙwaya 8 masu lamba 1000 su ne giram 8. Kada a ɗauki mai zaƙi ko mai tafasa a ruwa. Kofi kuma ya zama zalla, ba wanda aka haɗa da madara da sukari ba.

A fara narkar da soda ash har ruwan ya washe. Sai bitamin C. Sai kofi a ƙarshe. A bar shi minti 5 ya kwanta. Yana da wari, kada a damu. Sau ɗaya ake aiki da shi, kuma a ranar da aka haɗa.

Wani zai ce, kanwa fa? Lalle kanwa dangin soda ash ce. Amma tana da ƙasa da gishiri, kuma ƙarfin wannan dunƙule ba ɗaya yake da na wancan ba. Ba a dogara da ita a aikin da ke son awo.

RUWAN KAMA HOTO

Wannan ba shi da madadi a kayan miya. Dole a saye shi. Ƙwayoyi ne masu sheƙi kamar alawa ko ƙanƙara, masu hoto suna kiransu haifo. Cikakken sunansa sodium thiosulphate. A rubuta sunan a takarda a nuna wa masu sayar da kayan kimiyya a birni. Wani Bature ɗan Ingila, John Herschel, shi ya gano a 1819 cewa yana narkar da gishirin azurfa.

A narkar da giram 125 a rabin lita na ruwa. Ba a zubar da shi bayan aiki. A mayar da shi kwalba a rufe, zai sake wanke wasu.

HATTARA DA SUNAYE MASU KAMA DA JUNA

Akwai ruwan wanke farin tufa mai suna Hypo da ake sayarwa a kanti. Suna ne kawai ya zo ɗaya. Ba shi ne haifon masu hoto ba. Idan ya taɓa fim zai cinye hoton gaba ɗaya.

Haka kuma soda ash daban, soda mai ƙuna ta yin sabulu daban. Ita tana ƙona hannu, tana narkar da danƙon fim. A tambaya da kyau kafin a biya kuɗi.

DUHU

Wuri ɗaya ne ake buƙatar duhu: lokacin cire fim daga gwangwaninsa zuwa cikin tanki. A nan mutumin ƙauye ya fi na birni sa'a. Ɗakin soro da dare, a daren da babu farin wata, ya isa.

A rufe ƙofa da taga da bargo. A zauna a ciki minti 5. Idan har ana iya ganin tafin hannu, duhun bai yi ba. A bar waya da tocila a waje. Wasu sun ji cewa masu hoto suna aiki da jar fitila. Wannan don takardar hoto ce. Fim kam, ko jar fitila tana ƙona shi.

Naɗa fim a kwarkwaro cikin duhu sai da koyo. A nemi tsohon fim da ya riga ya lalace. A yi ta gwadawa da rana ido buɗe, sannan ido rufe, har hannu ya saba. Hannu da kwarkwaro su kasance a bushe. Gumi kaɗan yana sa fim ya maƙale.

Wanda bai sami tanki ba zai iya aiki da robobi 3 a jere: na ruwan fito da hoto, na ruwa zalla, da na haifo. Zai riƙe bakin fim biyu da maƙalai, yana ɗaga wannan hannu yana sauke wancan, fim yana ratsa ruwan. Tsohuwar hanya ce. Amma duk aikin cikin duhu ake yin sa, kuma fim mai hoto 36 ya fi mita ɗaya da rabi tsawo. Tanki ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

ZAFI DA ƘURA

An tsara wankin fim a ruwa mai digiri 20. A ƙasar Mashi da Daura, zafin bazara yakan kai digiri 40. Ruwa mai ɗumi yana sa hoto ya yi baƙi da yawa, danƙon fim kuma ya yi laushi ya kwaile.

Maganin abin shi ne randa. A jefa ledojin ruwa da kwalbar haifo cikin randa su kwana, a yi aiki da asuba. Idan ma'auni ya nuna digiri 24, a rage lokacin kofi daga minti 15 zuwa kamar minti 11. Idan ya wuce haka, a sa kofunan cikin roba mai ƙanƙara har su huce. Duk ruwan da zai taɓa fim ya zama sanyinsa ya yi kusa da juna.

Lokacin hunturu ruwa yana da sanyin da ake so. Amma ƙura ce matsala, don tana manne wa jiƙaƙƙen fim ba ta fita.

MATAKAN WANKI

1. A jera komai kafin a kashe fitila, don hannu ya san inda kowane abu yake.

2. Cikin duhu, a ɓalle murfin gwangwanin fim da abin buɗe kwalba. A yanke siririn bakin fim a ajiye shi gefe. A naɗa fim a kwarkwaro, ana riƙe shi ta gefe. A sa a tanki a rufe sosai. Yanzu ana iya kunna fitila.

3. A zuba ruwan kofi, a duba agogo. A riƙa kifa tankin ana tayar da shi a hankali har minti 1. Daga nan sau 3 a kowane minti. A ɗan buga gindinsa a ƙasa don kumfa ta saki fim. Idan minti 15 ya cika a zubar.

4. A zuba ruwa zalla, a girgiza, a zubar. A yi haka sau 3. Kada a buɗe murfi tukuna.

5. A zuba haifo. A riƙa juyawa kamar da, har minti 10. A mayar da shi kwalbarsa. Sai yanzu ake buɗe tanki.

6. A ɗauraye. A cika tanki da ruwa, a juya shi sau 20, a bar shi minti 2, a zubar. A yi haka sau 7. Kada a yi rowar ruwa a nan. Haifon da ya rage a jikin fim shi ne yake ɓata hoto bayan shekaru.

7. A ruwan ƙarshe a ɗiga ɗigo 1 na sabulun ruwa, don kada ruwa ya bar tabo.

8. A yayyafa ruwa a daɓen ɗaki don ƙura ta kwanta. A rataye fim da maƙali, a sa wani maƙalin a ƙasa don ya miƙe. A rufe ɗakin awa 2 ko 3. Ba a shanya fim a rana, ba a goge shi da tsumma.

Siririn bakin fim da aka ajiye yana da amfani. A tsoma shi cikin haifo a fili, a ga minti nawa zai yi kafin ya washe kamar gilashi. Ninki 2 na wannan lokaci shi ne mafi ƙarancin abin da fim yake buƙata. Ranar da aka ga lokacin washewa ya ninka na farko, haifon ya gaji, sai a haɗa sabo.

IDAN BAI YI KYAU BA

Fim da kansa yana faɗin inda aka yi kuskure.

Idan ya fito baƙi ƙirin har gefensa, haske ne ya shige shi.

Idan ya fito fes babu komai, ko lambobin gefe babu, an fara zuba haifo kafin ruwan fito da hoto, ko kuma haɗin bai yi ba.

Idan lambobin gefe sun fito amma babu hoto, wanki ya yi daidai. Laifin kyamara ne, ko fim bai kama ba lokacin da aka sa shi.

Idan ya yi fari-fari kamar an zuba masa nono, bai ji haifo ba. Wannan yana gyaruwa. A mayar da shi cikin sabon haifo, a sake ɗaurayewa.

Saboda haka kada a fara koyo da hoton ɗaurin aure, ko na hawan Sallar Gani a Daura. A fara da bishiyar ƙofar gida da awaki. Haka kuma wanda ya tsinci tsohon fim na mahaifinsa da ba a wanke ba, ya ajiye shi sai hannunsa ya faɗa. Idan mai launi ne, ruwan kofi zai iya fito da hoto dishi-dishi na baƙi da fari, amma launin ya tafi ke nan.

DAGA NAGATIF ZUWA HOTO

Da can sai da wani inji mai fitila da takarda ta musamman. Yanzu waya tana yin aikin. A manna farar takarda a taga mai haske. A riƙe nagatif a gabanta, da ɗan tazara. A ɗauke shi da waya, hannu ba ya rawa. Akwai manhajoji na kyauta masu juya baƙi ya koma fari. Daga nan sai a kai shagon kwamfuta a buga a takarda.

Wannan dabara ta shafi har wanda bai taɓa riƙe kyamara ba. Masu hoto na da sukan ba mutum nagatif a ambulan tare da hotunansa. Idan hoton kaka ya ɓace ko gara ta ci, amma nagatif yana nan, to hoton bai ɓace ba. A duba cikin akwati da adaka kafin a zubar da irin wannan leda.

A yanka nagatif hoto 6-6, a raba su da farar takarda, a sa a ambulan. A rubuta rana, da wuri, da sunan waɗanda ke ciki. A ajiye a gwangwani mai murfi, nesa da laima, da gara, da zafin rufin kwano.

KIYAYE LAFIYA

Kofi da cokalin da aka yi aikin hoto da su kada su koma madafa. A rubuta suna a jikin kowace kwalba, a ɗora inda yara ba sa kaiwa. Kada a zuba haifo a kwalbar lemo, yaro zai ɗauka abin sha ne. Soda ash tana da zafi a ido. Idan ta shiga, a wanke da ruwa mai yawa. A sa safar hannu ta roba.

Tsohon haifo yana ɗauke da azurfa, wadda take cutar da kifi da sauran halittun ruwa. Kada a zubar da shi kusa da rijiya, ko tafki, ko wurin shan dabbobi. A zuba shi a buɗaɗɗiyar roba inda yara da kaji ba sa zuwa, rana ta busar da shi, a ƙulle busasshen a leda.

Kuma kafin a ɗauki kowa hoto a nemi izininsa, musamman a cikin gidajen mutane.

A TAƘAICE

Tanki, sikeli da ma'aunin zafi sau ɗaya ake sayensu. Matasa 4 ko 5 za su iya haɗa kuɗi su sayi guda, su riƙa karɓa-karɓa. Malamin kimiyya ma zai iya nuna wa ɗalibai wannan aiki, don gani ya kori ji.

A sami littafi a riƙa rubuta irin fim, da awon magani, da zafin ruwa, da yawan minti. Idan fim na farko bai yi ba, littafin zai nuna abin da za a gyara a na biyu. Sannu ba ta hana zuwa.